Yadda Ake Zaɓen Talabijin: Faɗin Allo Ko Kyan Hoto?

Duk wanda ya shiga kasuwar Alaba International da ke Ojo, ko ɗaya daga cikin manyan shagunan kayan lantarki na Ikeja, da niyyar sayen talabijin, tambayar farko da mai shago zai tare shi da ita ita ce inci nawa yake so. Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta yi saurin zuwa, domin kuɗin da ke aljihun mai saye guda ɗaya ne, kuma abubuwa biyu ne ke jayayya a kansa, wato faɗin allo da kyan hoton da allon zai nuna. Da kuɗi ɗaya za a iya ɗauko maka mai inci 65 wanda ba a san asalin kamfaninsa ba, ko mai inci 50 na kamfanin da ya yi suna, kuma kowanne daga cikinsu akwai gidan da ya dace da shi. Sanin wanda ya dace da naka gidan yana bukatar ka amsa tambayoyi uku tun kafin ka hau mota: daga wane nisa za ka riƙa kallo, me za ka fi kalla, kuma yaya hasken ɗakin yake.

A fara da awo. Incin da ake rubutawa a jikin kwali ba faɗin allon ba ne, tsawon da ke tsakanin kusurwar sama ne da kusurwar ƙasa ta ɗaya ɓarin, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Saboda haka talabijin mai inci 32 faɗinsa kusan santimita 71 ne, mai inci 43 kusan 95, mai inci 55 kusan 122, mai inci 65 kuwa kusan 144. Abin da kan ruɗi mutane shi ne yadda filin allon ke ƙaruwa fiye da yadda lambar ke nunawa. Tsakanin inci 55 da 65 inci goma ne kawai a baki, amma filin na biyun ya fi na farkon da kusan kashi 40 cikin ɗari, haka nan mai inci 55 ya fi mai inci 43 da sama da kashi 60 cikin ɗari. A cikin shago mai tsawon rufi, inda aka jera talabijin hamsin a bango, mai inci 65 yana zama kamar matsakaici. Sai an shigo da shi falon gidan haya a Agege ko Idi-Araba ake ganin ya cinye bango, har ya tokare taga. Wanda yake son ya san gaskiyar girman tun kafin ya biya, ya yanka tsohon kwali ko ya manna jaridu daidai da waɗannan awo a wurin da zai kafa talabijin ɗin, ya koma kujerarsa ya zauna ya duba.

Daga nan sai a auna nisan da ke tsakanin allo da idon mai kallo. Ba daga bango zuwa bango ake aunawa ba, domin kujera tana cin wuri, teburin talabijin ma yana cin nasa. Falon da ya kai ƙafa goma sha biyu, wato kusan mita 3.6, da wuya nisan kallonsa ya wuce mita biyu da rabi zuwa uku bayan an sa kujeru. A ɗaki guda kuwa, irin wanda gado da kujera da akwatuna duk suke ciki, nisan kan tsaya tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, wadda ake kira SMPTE, ta daɗe da ba da shawarar cewa allo ya cika kusan digiri 30 na filin ganin mai kallo, kamfanin THX kuma ya kai nasa zuwa digiri 40 domin masu son jin kamar suna silima. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa abin da mutum zai iya yi da ka, sai a ce ka auna nisanka da santimita ka raba shi gida huɗu, abin da ya fito shi ne incin da ya yi daidai da shawarar farko. Mai zama a nisan mita biyu zai samu inci 50, mai mita biyu da rabi zai samu 62, wato tsakanin 55 da 65, mai mita uku kuwa zai samu 75.

Wannan lissafi yana da sharaɗi guda da masu shago ba sa faɗa, kuma a nan ne mafi yawan masu saye suke tafka asara. An gina shi ne a kan cewa hoton da ke shigowa cikin talabijin ɗin mai kyau ne tun daga tushensa. Hoto yana haɗuwa ne daga ƙananan ɗigogi, kuma yawan ɗigogin ne ake nufi da waɗannan sunaye da ke jikin kwali. Wanda aka rubuta wa HD kawai yakan ƙunshi ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, kusan miliyan ɗaya ke nan. Full HD yana da 1920 da 1080, wato miliyan biyu da 'yan kai. 4K, wanda kuma ake kira UHD, yana da 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. To amma tashar da ba ta HD ba, irin waɗanda har yanzu suke da yawa a dikodojin DStv da GOtv da StarTimes da kuma tasoshin kyauta na tauraron ɗan'adam, tana turo ɗigo 720 da 576 ne, wato 414,720 kacal. Idan aka ɗora wannan hoto a kan allon 4K, dole kowane ɗigo ɗaya na asali ya bazu a kan ɗigogi ashirin, kuma sauran goma sha taran talabijin ɗin ne zai ƙirƙiro su da hasashe. Kamar hoton fasfo ne a kai wa mai buga fosta a ce ya mayar da shi girman ƙofa: fuskar za ta fito, amma gashin gira da aikin hula za su narke. Girman allo ba ya ƙara wa hoto abin da ba shi da shi, aibinsa kawai yake faɗaɗawa.

Saboda haka wajibi ne mutum ya zauna ya gaya wa kansa gaskiya game da abin da ake kallo a gidansa. Idan yawanci labarai ne a NTA, da shirye-shiryen Arewa24, da tasoshin wa'azi da karatun Alƙur'ani na tauraron ɗan'adam, da finafinan Kannywood da na Indiya masu fassarar Hausa da ake turowa a filash ko a waya daga wurin masu tura finafinai, to akasarin abin da zai shiga allon bai kai Full HD ba, domin masu turawa sukan matse fim ya ƙanƙance don ya shiga waya da yawa. A irin wannan gida ina ganin ya fi kyau a raba nisan gida biyar maimakon huɗu, ta yadda mai mita biyu zai tsaya a inci 40 ko 43, mai mita biyu da rabi a 50, mai mita uku a 55 ko 65. Wannan ra'ayina ne ba dokar injiniyoyi ba, amma duk wanda ya taɓa kallon tsohon fim a kan ƙaton allo daga kusa ya san abin da nake nufi. Idan kuwa akwai dikodar HD ana kallon gasar Firimiya ta Ingila a SuperSport, ko akwai intanet mai ƙarfi ana kallon YouTube da Netflix, ko yara suna da PlayStation, to a bi rabon gida huɗu ba tare da fargaba ba.

Maganar 4K tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce kalmar da ta fi sayar da talabijin a yau. Idon mutum mai cikakkiyar lafiya yana da iyakar ƙanƙantar abin da zai iya rarrabewa. A kan allo mai inci 55, sai mutum ya matso kusan mita ɗaya da 'yan kai sannan zai ci cikakkiyar moriyar ɗigogin 4K, kuma da zarar ya wuce mita biyu da kwata, da ƙyar zai bambanta shi da Full HD ta fuskar kaifin hoto. Haka nan mai inci 32 da ake kallo daga mita biyu, HD ɗinsa na talaka ya wadatar, babu dalilin biyan ƙari. Ga kuma tsadar ciyar da shi: Netflix da kansa yana neman intanet mai gudun megabit 15 a daƙiƙa domin 4K, kuma awa guda na iya cin data har gigabait 7, alhali HD bai wuce 3 ba. Wanda ke sayen data a waya yana haɗa talabijin da ita ya san cewa wannan ba abin yi ba ne kullum. Duk da haka ba ina cewa a guji 4K ba ne, domin kusan duk talabijin mai inci 50 zuwa sama da manyan kamfanoni ke yi yanzu 4K ne, ko an so ko ba a so ba. Abin da nake cewa shi ne kada wannan tambari ya zama hujjar fifita wani a kan wani, tunda mai kyau da marar kyau duk suna ɗauke da shi. Batun 8K kuwa a bar shi inda yake, babu abin da za a kalla da shi a nan.

Abubuwan da ke rarrabe hoto mai kyau da marar kyau, waɗanda ido ke gani daga kowane nisa, su ne zurfin baƙi, da ƙarfin haske, da gaskiyar launi, da ƙwarewar na'urar da ke cikin talabijin ɗin wajen gyara hoto mai rauni. Mafi yawan talabijin da ake kira LED allon LCD ne da aka sa wa fitilu a baya ko a gefe, kuma allon yana toshe hasken ne inda ake son duhu. Da yake toshewar ba ta cika, baƙi yakan fito kamar toka, musamman da dare idan an kashe fitilar ɗaki. Masu tsada suna raba fitilun bayan zuwa yankuna, suna rage hasken yankin da hoto ya yi duhu suna ƙara na inda ya yi haske, kuma waɗanda ake kira Mini-LED suna da irin waɗannan yankuna da yawa. QLED shi ma LCD ne, an dai ƙara masa wani shimfiɗi na musamman da ke sa launuka su cika su yi ƙarfi. Samsung ne ya yayata sunan, amma Hisense da TCL ma suna yi. OLED kuwa wani gini ne daban, domin kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, yana kuma iya kashe hasken gaba ɗaya, shi ya sa baƙinsa yake baƙi ƙirin. Babu shakka shi ne ya fi kyan hoto a ɗaki mai duhu, sai dai yana da tsada ƙwarai, kuma idan aka daɗe ana barin abu ɗaya a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha ko layin labarai da ke gudu a ƙasa, yana iya barin tabon da ba ya gogewa. Gidan da talabijin ke kwana yana wuni a tasha ɗaya, da shago, da gidan kallon ƙwallo, ba wurin OLED ba ne.

Akwai wani bambanci da ba a cika rubuta shi a kwali ba, amma ya shafi gidajenmu fiye da yadda ya shafi na Turawa. Allon LCD iri biyu ne a kasuwa, VA da IPS. VA ya fi zurfin baƙi, amma da zarar an kalle shi daga gefe ko daga ƙasa sai launinsa ya koɗe. IPS baƙinsa bai kai na VA ba, amma launinsa yana nan daga kowace kusurwa. Mu kuwa ba mutum biyu ne ke zama a doguwar kujera suna fuskantar allo ba. Maigida yana kan kujera, uwargida tana gefe, yara suna kwance a kan kafet ko tabarma dab da allon suna ɗaga kai, idan kuma ranar babban wasa ce maƙwabta sun cika har bakin ƙofa. A irin wannan zama IPS ya fi adalci, domin kowa zai ga fuskar ɗan wasa da launinta. Wanda ke zaune shi kaɗai ko da iyalinsa ƙalilan, yana kallon fim da dare daga gaba sosai, VA zai fi gamsar da shi. Gane su ba wuya: a shago ka tsaya a gaban allon, sannan ka taka zuwa gefe har ka kusa daidaita da bango, ka kuma durƙusa ka duba daga ƙasa. Idan jan launi ya koma kamar ruwan hoda, fata ta yi fari-fari, VA ne ke gabanka.

Haske kuma ɗakinka ne zai faɗa maka yawan da kake bukata. Ana auna hasken allo da ma'aunin da ake kira nit, kuma masu araha sukan tsaya a wajen 250 zuwa 300, abin da ya isa ɗaki mai labule amma yake gazawa a falon da rana ke shigowa ta taga ko a shagon da ke fuskantar titi. A nan ne tambarin HDR ke yaudarar mutane. HDR tsari ne da ke ba hoto damar haɗa wuri mai tsananin haske da wuri mai tsananin duhu a lokaci guda, yana kuma zuwa da sunaye irin su HDR10 da HLG da Dolby Vision, amma talabijin da haskensa bai wuce nit 300 ba, kuma ba ya iya rage fitilunsa yanki-yanki, karɓar saƙon kawai yake yi ba ya iya nuna shi yadda ya kamata, wani lokacin ma hoton sai ya fi duhu. Haka lambobin saurin motsi da ake bugawa da manyan baƙaƙe suke. Yawanci allo ko dai yana sabunta hoto sau 50 zuwa 60 a daƙiƙa, ko sau 100 zuwa 120. Akasarin sauran lambobi masu kumbura suna ne na talla. Mai sau 100 ya fi nuna ƙwallo a fili idan an buga ta da ƙarfi, kuma mai PlayStation 5 zai amfana da shi idan akwai mashigar HDMI 2.1 (HDMI ita ce kafar da ake soka wayar dikoda ko ta na'urar wasa), amma ga mai kallon labarai da wasan kwaikwayo ƙarin kuɗi ne da ba zai gani a allo ba.

Da wannan za a iya komawa ga ainihin ciniki. Idan talabijin biyu na kamfani ɗaya ne kuma ajinsu ɗaya ko kusa da juna, a ce mai inci 50 da aka ƙara wa 'yan kwaskwarima da mai inci 55 wanda ba shi da su, kuma nisanka ya yarda da babban, to ka ɗauki babban, domin ƙarin faɗi abu ne da za ka gani kowace rana, ƙaramin bambancin launi kuwa sai an jera su gefe da gefe ake lura da shi. Amma idan samun ƙarin incin yana nufin sauka daga kamfanin da ke da wurin gyara da garanti a Legas zuwa wani suna da ba ka taɓa ji ba, to ka tsaya a ƙaramin. Araha ba ta ado. Wurin da masu araha ke rage kuɗi shi ne daidai wurin da gidajenmu suka fi bukata, wato na'urar da ke gyara hoton tashoshi masu rauni, da ingancin fitilun baya, da sashen wutar da ke jure hawa da saukar lantarki. Talabijin mai kyau mai inci 43 yana iya nuna tashar da ba ta HD ba cikin tsabta, yayin da ƙato marar inganci zai nuna ta da fuskoki kamar an shafa musu mai. Manhajar cikin talabijin, ko Tizen ce ta Samsung, ko webOS ta LG, ko VIDAA ta Hisense, ko Google TV, ba ita ce abin dogon tunani ba, domin idan ta tsufa ko ta yi nauyi ana iya sayen ƙaramar na'ura a soka a HDMI a maye gurbinta. Allo kuwa da shi za ka zauna har ranar da za ka rabu da talabijin ɗin.

Ranar zuwa kasuwa ka tafi da filash ɗinka. Hoton da ake kunnawa a shago, na 'ya'yan itatuwa masu raɓa da tsuntsaye da biranen da ake haskawa da dare, an shirya shi ne musamman domin ya ɓoye rauni, ana kuma sa talabijin ɗin a yanayin shago inda haske da launi suke a ƙarshensu. Ka zuba abubuwa uku ko huɗu a filash ɗin: guntun fim irin wanda ake kallo a gidanka da ingancinsa na yau da kullum, da guntun wasan ƙwallo, da wani wuri mai duhu daga cikin fim, da hotuna na launi ɗaya zalla, fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da toka-toka. Ka roƙi mai shago ya fitar da ainihin wanda za ka tafi da shi daga kwali, ba na kan bango ba, ya kunna. A kan farin hoto da masu launi za ka nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale, wanda zai fito kamar ƙwayar gero baƙa ko mai ƙyalli. A kan baƙin za ka duba kusurwoyi huɗu ko haske yana tsiyaya daga gefe. A kan toka-tokan za ka ga ko akwai dabbare-dabbare kamar datti, aibin da ke fitowa fili a kan koren fili idan kyamara tana bin ƙwallo. Sannan ka ja da baya daidai nisan da ka auno a gida, ko da za ka fita bakin shagon ne, ka kalli fim ɗinka na minti biyu. Mai shago zai ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, wannan ma 4K ne," kai dai ka ce masa ya yi haƙuri ka gani da idonka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Jabu ma yana nan, kuma ya fi yawa a manyan inci, inda ribar manna sunan babban kamfani a jikin allo marar asali ta fi tsoka. Lambar samfuri da lambar siriyal da ke kan kwali dole su yi daidai da na takardar da ke manne a bayan talabijin, su kuma yi daidai da waɗanda ke cikin saitinsa idan an shiga da rimot. Ka sa lambar samfurin a wayarka ka ga ko shafin kamfanin ya san da ita. Wanda aka ce na LG ne ko na Samsung amma ya buɗe da manhajar Android, alhali waɗannan kamfanoni suna da tasu, ya riga ya tona asirin kansa. Ka sa tef ka auna allon daga kusurwa zuwa kusurwa, ban da firam, domin akan sayar da mai inci 50 da sunan 55. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar siriyal, da katin garanti da aka cike aka buga wa hatimi. 'Yan rakiyar da ke tare mutum tun daga bakin kasuwa suna cewa za su kai shi wurin mai araha, ladansu a cikin kuɗinka yake, saboda haka ya fi kyau ka nufi shagon dila da kamfani ya amince da shi, ko ka tafi da ɗan'uwa wanda ya san kasuwar. Na hannu, wanda ake kira tokumbo, yana iya zama alheri idan an gwada shi sosai, amma a tabbatar yana karɓar wutarmu ta bolt 230, domin wanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, kuma a sani cewa ainihin talabijin na plasma manyan kamfanoni sun daina ƙera shi tun wajen 2014, ga shi da zafi da shan wuta.

Shan wuta kuwa yana tafiya da girma da haske, kuma a Legas wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana rubuta yawan wat a takardar bayan talabijin, kuma ya kamata a duba kafin a biya. A ɗauki misalin wanda ke cin wat 100 ana kunna shi awa shida a rana: a wata zai ci yunit 18. Lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan lissafi ya kama naira 4,050 a wata, kuma babban allo mai tsananin haske yana iya ninka hakan. Ga mai amfani da inbata da batir ko sola, bambancin da ke tsakanin inci 43 da 65 yana iya zama bambancin da ke tsakanin ganin ƙarshen wasa da mutuwar batir ana tsakiyar zagaye na biyu. Ko wane girma aka saya, a ware kuɗin na'urar kariya da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, tana kuma jinkirta minti kaɗan bayan an dawo da ita, domin lokacin dawowar wuta da lokacin sauyawa zuwa janareta ne talabijin ya fi ƙonewa. Da damina, idan aka fara tsawa, a zare filogi a kuma zare wayar dish, tunda ta nan ma aradu ke shiga. Masu zama kusa da ruwa, irin su Ajah da Obalende, su guji manna shi a bangon da ke tsattsafo da danshi. A kuma tuna da sauti: siririn talabijin ba shi da wurin manyan lasifika, kuma idan janaretocin maƙwabta suka tashi, ƙaramar sifika ta daban za ta yi amfani fiye da ƙarin inci biyar.

Kawo shi gida ma aiki ne. Babban allo ba a kwantar da shi, a tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa da soson da ya zo da shi, domin idan yana kwance nauyin gilashin yana taruwa a tsakiya, kuma rami ɗaya a hanyar Badagry ya isa ya tsaga shi, garanti kuwa ba ya biyan fasasshen allo. Mai inci 65 ba ya shiga bayan ƙaramar mota a tsaye, saboda haka a shirya motar da ta dace, a kuma auna lungun matakalar bene idan a sama ake zaune. Wajen kafawa, tsakiyar allon ya zo daidai da idon wanda ke zaune, kusan mita ɗaya daga ƙasa ga mai zama a kujera, ƙasa da haka kaɗan idan yawancin masu kallo a kafet suke zama. Ɗaga shi kusa da silin, kamar yadda masu kafawa suka saba, yana gajiyar da wuya yana kuma ɓata launi. Kada ya fuskanci taga. Bayan an kunna, a fitar da shi daga yanayin shago zuwa na gida, a sauya saitin hoto daga mai ƙyalli zuwa na silima, wanda wasu kamfanoni ke kira Movie wasu Cinema wasu Filmmaker, a rage kaifin da aka cika masa, a kuma haɗa dikoda da wayar HDMI maimakon tsohuwar mai kai uku ja da fari da rawaya, sannan a shiga saitin dikodar a tabbatar tana fitar da 1080. A kwanakin farko hoton zai yi kamar ya ɗan yi ja-ja ko ya dushe, saboda ido ya saba da shuɗin hasken shago, don haka a ba shi mako guda kafin a sake taɓa saitin. Kwalin kuma a ajiye shi tare da rasit har garanti ya ƙare, domin idan ta kama a mayar da talabijin ɗin wurin gyara, ko a tashi daga gidan haya, a cikinsa za a ɗauke shi.